Sharhi kan giris mai jure zafi da na sa wa boris ɗin tayoyin baya

Motata tsohuwar Golf 3 ce mai birkin durom a baya, kuma kowace tayar baya tana gudu ne a kan boris biyu masu siffar mazurari, na ciki da na waje, waɗanda ake iya cirewa a wanke a sake cusa musu giris. Na fara da wannan bayani ne domin yawancin motocin zamani boris ɗinsu a rufe yake tun daga masana'anta, idan ya fara kuka sai dai a canza shi ɗungurungum.

Wata takwas ke nan da na yi aikin da giris nau'in litiyam kwamfiles mai lambar kauri NLGI 2, wanda a jikin gwangwaninsa aka rubuta GC-LB, alamar da ke nuna ya dace da boris ɗin taya. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne juriyar zafi, domin irinsa ba ya narkewa ya fara ɗiga sai zafi ya kai wajen digiri 260 a ma'aunin Salshiyas, alhali na litiyam zalla yakan sake tun wajen 190. Birki yana maƙwabtaka da boris, kuma wani ɓangare na zafin da birkin ya tara a doguwar gangara yakan isa ga giris.

Da na buɗe, na tarar tsohon giris ya yi baƙi ya bushe a gefe kamar sabulu. Na wanke shi sarai da kananzir, saboda haɗa giris iri biyu da ba su jitu ba yakan sa su tsinke su zama ruwa. Sabon yana da danƙo mai kyau, ga shi da sauƙin cusawa: na zuba shi a tafin hannu na riƙa danna boris a kai har ya ɓullo ta ɗaya gefen tsakanin ƙarafan. Ban cika hob, wato ramin tsakiyar durom inda boris ke zama, taf ba, domin yawan giris shi ma zafi yake jawowa. Na sa sabon sil, wato zoben robar da ke hana giris fita, na ɗaure noti ina juya taya, sa'an nan na ɗan sassauta shi kafin in kulle da sabon fil.

A ɓangaren dama sakamakon ya gamsar da ni ƙwarai. Bayan doguwar tafiya nakan ɗora hannu a tsakiyar taya in ji ɗumi kawai, kuma da na cire durom a makon jiya don duba birki, na ga giris ɗin yana nan da laushinsa da launinsa, bai tsiyayo kan birki ba ko kaɗan.

Ɓangaren hagu kuwa bai daina gurnani ba, kuma ba zan ɗora wa giris laifi ba, domin tun ranar aikin na ga ƙananan ramuka a zoben da boris ke gudu a kai, na yi fatan giris zai rufe su. Bayan mako biyu dole na canza boris da zobensa tare. Ƙorafina ɗaya shi ne faɗin bakin gwangwanin, wanda ke saurin ɗaukar ƙura idan ana aiki a fili, don haka nan gaba na cikin bututu zan saya.