Maganin gurɓatacciyar ƙasa ba tare da kwashe ta ba: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kafin ka saurari kowane ɗan kwangila, a gano wace guba ce a wurin. Man fetur yana ruɓewa, amma dalma da kromiyom (ƙarfen da ake amfani da sinadarinsa wajen jimar fata) ba sa ruɓewa ko shekara nawa za su yi. Shi ya sa a Zamfara, bayan gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, kankare saman ƙasar aka yi aka zuba sabuwa.

Idan matsalarka kromiyom ce ko sinadaran wanke ƙarfe da suka sauka cikin ruwan ƙasa, ni zaɓina katangar garin ƙarfe. Ana haƙa dogon rami a gicciye kan hanyar da ruwan ke bi a ƙarƙashi, a cika shi da garin ƙarfe, a rufe. Ruwan da kansa zai ratsa, ƙarfen ya mayar da kromiyom mai guba zuwa nau'in da ke daskarewa ya tsaya a nan. A Elizabeth City da ke Karolina ta Arewa a Amurka an binne irinta a 1996, tsawonta mita 46, zurfinta ya ɗan haura mita 7, kuma bayan shekara goma tana nan tana aiki. Ba famfo, ba janareta, ba kuɗin dizal. Wannan ya fi komai a wurina, domin na ga aikin da ya tsaya cak ranar da mai ya ƙare. Sai dai ba ta taɓa fetur, kuma tare ruwan take yi, ba ta cire tushen gubar.

Dafa ƙasa da lantarki yana da sauri, amma kuɗin wutar kaɗai ya isa ya kore ka. Ƙwayoyin bakteriya masu cinye guba sun fi dacewa da fetur. Shuka mai tsotse guba kuwa, akuyar maƙwabci za ta riga ka girbi.

Wanda nake tsoro shi ne allurar famanganet, wato ɗura wani sinadari mai ƙone guba cikin ƙasa. Kusa da kamfanonin jima irin na Challawa da Sharada a Kano, tana iya tayar da kromiyom da ke kwance ta mayar da shi nau'in mai guba.

Sai 'yan damfara. Wani zai juya saman ƙasa, ya watsa taki, ya ɗauki hoto, ya ce an gama. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna irin wannan aikin bai yi tasiri ba, mai ya nutse fiye da mita 5 a wurare da dama. Wani zai ɗebi ruwan gwaji washegarin allura, lokacin da sakamako ke kyau, bayan 'yan watanni gubar ta dawo. Wani kuma tarkacen ƙarfe mai maiƙo daga garejin kanikawa zai kawo maka a maimakon garin ƙarfen katanga.

Kada ka yarda da ɗakin gwajin da ɗan kwangilar ya zaɓa. A haƙa rijiyoyin sa ido a gaban wurin aikin da bayansa, kuma a rubuta a takardar kwangila cewa cikon kuɗinsa sai an sake gwaji bayan damina ta wuce.