Akwatin ƙara ƙarfi ko sabunta injekta: amsa ga mai Hilux 2KD

Alhaji, ka ce Hilux ɗinka tana kasawa in ta ɗau lodi, kana tambaya ko ka sa mata akwatin ƙara ƙarfi ko ka sabunta injekta, wato abin da ke fesa gas cikin silinda. Shawarata, ka sabunta injektocinka, ka ƙara filta ta biyu mai tare ruwa. Wancan akwatin da ake jonawa a wayoyin injin, da manyan nozul (bakin injekta) ɗin da aka yi maka tayinsu tare da shi, ka bar wa mai shago kayansa.

Irin motarka gare ni, Hilux mai injin 2KD, lita 2.5, kuma aikinmu kusan ɗaya ne. Da kaka ina ɗauko masara daga wajen Soba da Maigana, da bazara in kai taki. Abin da ka faɗa na cewa tana kasawa in ta ɗau lodi, tawa ma ta yi shi. Da safe sai na daɗe ina murza makulli kafin ta tashi, ta riƙa ƙwas-ƙwas har sai ta ɗumama. Hawan da a da nake cinye shi a giya uku ya koma sai na sauko biyu, ina taka totur, baƙin hayaƙi yana turnuƙe masu babur a bayana. Makanikena a Sabon Gari, Allah Ya saka masa da alheri, ya hana a taɓa famfon gas. Ya zare injektoci huɗun, ya ɗaura wa kowacce lambar silindarta, ya ce in kai su Kaduna inda ake da na'urar gwaji.

Ina tsaye aka ɗora su. Na'urar tana da kwalabe siririya masu layin awo, tana nuna man da injekta ta fesa da wanda ta mayar baya zuwa tanki. Biyu daga ciki man da suka mayar ɗan kaɗan ne. Sauran biyun kafin a jima kwalabensu sun tashi sama, ɗaya ma bakinta na ɗiga bayan ta gama feshi. Mai na'urar ya nuna da yatsa ya ce, "Ga ƙarfin motarka nan yana komawa tanki." Injin nan ba irin tsohon 5L ba ne da famfo ke raba wa kowace silinda nata. A 2KD famfo yana matse gas ya tara shi a bututu guda, matsin ya haura 1,000 nesa a ma'aunin matsi na bar, ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ita ce ke buɗe kowace injekta a kan lokaci. In injekta biyu suna yoyo ta baya, matsin nan ba zai tsaya ba a daidai lokacin da kake nemansa, wato kana kan hawa da buhuna a baya.

Da aka sa sababbi na Denso, aka shigar da lambobinsu a ƙwaƙwalwar mota, aka wanke hanyar iska da ta cushe da kunkunniya, ranar da na fara ɗauko lodi daga Soba har yaron motata sai da ya leƙa baya yana neman hayaƙi bai gani ba. Murza makulli ɗaya take tashi, ko cikin sanyin hunturu. Shan gas ya ragu yadda na gani a aljihuna, kuma tun da lita ta haura naira 1,000 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba wani ƙarfi na ƙara mata ba, nata ne na asali ya dawo, ya kuma ishe ni aikina.

Akwatin, to, yana aiki, ba zan ce ba ya yi ba. Ka jona shi yau za ka ji motar ta ɗan zabura. Amma masu araha da ke yawo a hannun 'yan kasuwa dabararsu ɗaya ce: suna shiga tsakanin na'urar auna matsi da ƙwaƙwalwar mota, su gaya mata matsin bai kai ba alhali ya kai, ita kuma ta sa famfo ya ƙara matsawa. A kan injektocin da suka riga suka gaji za ka ɗora wannan nauyin. Manyan nozul su ma gas kawai suke ƙarawa. Injin dizal kuwa kamar murhu yake, in ka cusa itace ba ka ba shi iska ba, hayaƙi za ka sha. Man da bai samu iskar ƙonewa ba shi ne baƙin hayaƙin, kuma zafin da ke fita ta salansa yana tashi fiye da kima, a kan fistin da tobo (mai cusa iska cikin inji) yake ƙarewa. Allurar zafi da ke gabanka ruwan lagireto take aunawa, ba za ta nuna maka wannan ba sai aikin gama ya gama.

Ka duba abin da Toyota da kanta ta yi. 2KD ɗin da ya fi yawa ƙarfin doki 102 gare shi. Da suka fitar da wanda ya kai 144 daga wannan injin, ba gas kaɗai suka ƙara ba, sun sa masa tobo mai sarrafa iska gwargwadon gudu, tare da abin sanyaya iskar kafin ta shiga inji. In da ƙarin mai kawai yake kawo ƙarfi, da ba su kashe wannan kuɗin ba.

Filta ta biyun nan, kar ka ɗauke ta ƙari ne na ado. Gas ɗinmu ka san halinsa: wani da ruwa, wani an sirka shi da kalanzir, na jarka a bakin titi kuma har da ƙasa. Ruwa yana sa tsatsa a cikin injekta, kalanzir ba shi da santsin da famfo yake buƙata, don da gas ɗin kansa famfon yake samun maiƙo. Tawa mai kofin gilashi ce a ƙasa, an ɗaura ta kafin filtar kamfani. Da damina na taɓa shan mai a wani ƙauye don dole, washegari na duba kofin, ga ruwa ja-ja kwance a gindi kusan kaurin yatsa, gas yana yawo a samansa. Na kwance ɗan famfon ƙasa na zubar. Duk wannan da cikin sababbin injektocin zai bi. Filtar iska ma, da hunturun Zariya, ka riƙa buɗe ta kana dubawa, ƙura kaɗai tana iya shaƙe motar har ka zargi famfo.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, don a nan ake cutar mutane. Akwai masu tattara tsofaffin injektoci, su wanke su da fetur, su goge su har su yi ƙyalli, su sa a kwali mai sunan Denso su ce sabbi ne dal. Akwai kuma jabu daga tushe. Kwali ba shaida ba ne. Ka kwatanta lambar jikin injektar da ta wadda aka cire a motarka. Ka yi sharaɗi da mai kaya a gaban shaida cewa sai an ɗora su a na'ura an gani kafin ciniki ya faɗa. Wanda ya ƙi, ka tashi. 'Yan Baljiyam ma haka, kar wani ya ce maka "daga jikin mota aka cire tana tafiya" ka yarda. Sannan kowace injekta tana da doguwar lamba a kanta da ake shigarwa a ƙwaƙwalwar mota da kwamfuta. Makaniken da ya ce ba sai an yi ba, ba shi da kwamfutar ne.

Abu na ƙarshe da ake raina shi: wasa, wato ɗan zoben jan ƙarfe da injekta ke zama a kai. Duk lokacin da aka cire injekta, sabuwa ake sawa, a ɗaure da awo. In aka mayar da tsohuwa, hayaƙin ƙonewa yana tsiyaya ya gauraya da baƙin mai, ya yi daskararren gawayi, ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta ciki, inji ya buga. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ka saya da hannunka ka tsaya a sa a gabanka.

Kafin ka fitar da kuɗin injekta, ka sa a jona kwamfuta a duba, don akwai ɗan bawul a jikin famfo, SCV, da in ya maƙale shi ma yana kashe ƙarfi, kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. In an yi duk wannan kana ganin har yanzu ba ta ishe ka ba, to lodin ne ya fi ƙarfinta. Hilux abin da aka yi ta ta ɗauka kusan tan ɗaya ne, nauyin buhu 10 na masara ke nan, kuma nauyinka da na yaronka yana cikin wannan lissafin. Mai son ɗaukar 20 a sahu ɗaya, Canter ya kamata ya nema.