F-16C ko JF-17 Thunder: Yadda Suke a Sama da Yadda Suke a DCS World

Ɗan'uwa, tambayarka kashi biyu ce. Ka ce kuɗin da ka ware na jirgi ɗaya ne kacal a manhajar DCS World, mai kwaikwayon tuƙin jiragen yaƙi a kwamfuta, kuma zuciyarka ta rabu tsakanin F-16C na Amurka da JF-17 Thunder, wanda ka fara sha'awarsa tun da ka ji rundunar sojin saman Nijeriya ta mallake shi. Sannan ka tambaya ko jirgin da ke rinjaye a kwamfuta shi ne zai yi rinjaye a fagen fama. Na daɗe ina tuƙa su biyun a wannan manhaja, don haka zan jera maka su kafaɗa da kafaɗa, amma sai mun fara da asalinsu, domin dalilin da ya sa aka ƙera jirgi shi ke bayyana halinsa.

F-16 ya girmi JF-17 da kusan shekara 30. Kamfanin General Dynamics ne ya ƙera shi, ya fara tashi a 1974, kuma zuwa yau an ƙera sama da guda 4,500, aikin da ya koma hannun kamfanin Lockheed tun 1993. Waɗanda suka zana shi sun yi haka ne da darasin yaƙin Biyetnam a ransu: suna son ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da zai iya juyi da sauri ba tare da ya rasa gudu ba. Saboda haka suka gina shi da gangan ta yadda ba zai iya daidaita kansa a iska ba sai da taimakon kwamfuta, suka kwantar da kujerar matuƙi da digiri 30, suka ɗora masa rufin gilashi mai kama da ƙoƙo wanda ba ya tare gani, suka kuma mayar da sandar tuƙi gefen dama maimakon tsakanin ƙafafu. JF-17 kuwa ɗan larura ne. Pakistan ta fara karɓar F-16 a 1983, amma a 1990 Amurka ta dakatar da ba ta sauran saboda shirinta na nukiliya, sai ta ga cewa dogaro da mai sayarwa ɗaya tamkar rataye tulu ne da igiyar aro. Ta haɗa kai da kamfanin Chengdu na ƙasar Sin, jirgin ya fara tashi a 2003, aka riƙa haɗa shi a masana'antar Kamra da ke Pakistan domin ya maye gurbin tsofaffin jiragen Mirage da F-7 da A-5. Ba a ƙera shi don ya fi F-16 ba. An ƙera shi ne don a samu jirgi na zamani mai sauƙin kuɗi wanda ba za a iya hana mai shi kayan gyara da takunkumi ɗaya ba. Guda uku ne Nijeriya ta saya, aka ƙaddamar da su a Makurdi a watan Mayu na 2021.

Babban bambancin da ba ya ɓuya shi ne ƙarfin inji. Samfurin F-16 da ke cikin DCS shi ne Block 50 kamar yadda yake wajen 2007, mai injin General Electric F110, wanda ke tura kimanin fam 29,000 idan aka buɗe masa wutar baya, wato ƙarin man da ake ƙonawa a bayan inji don ƙara turi. JF-17 na amfani da injin RD-93 na Rasha, ɗan gidan injin MiG-29, wanda turinsa bai wuce kimanin fam 19,000 ba. Gaskiya ne JF-17 ya fi sauƙin nauyi, amma sauƙin bai cike wannan giɓi ba. F-16 yana kaiwa ninki biyu na gudun sauti, JF-17 yana tsayawa wajen 1.6. F-16 yana jure juyin da zai ninka nauyin matuƙi sau 9, na JF-17 sau 8 ne. Wuraren rataye makamai 9 ne a F-16, ban da guda biyu na na'urorin hange a gefen bakin inji, JF-17 kuma 7 gare shi.

Wannan ɓangare manhajar ta kama shi da kyau, domin lissafi ne na nauyi da turi da jan iska, kuma akwai isassun bayanai a kansa. Idan ka ja JF-17 cikin juyi mai tsanani, hancinsa yana amsawa ba gardama a zagayen farko, har ka ɗauka ka ci nasara, amma ka duba ma'aunin gudu za ka ga yana zubewa kamar ruwa a kwando, kuma dawo da shi yana ɗaukar lokaci. F-16 akasin haka yake. Kwamfutarsa ba ta barin ka ɗaga hanci fiye da iyakar da aka sa mata, abin da ke ba sabon shiga haushi, amma idan ka riƙe gudunka ka ci gaba da zagayawa, sannu a hankali za ka tsinci kanka a bayan abokin karawa. Mai F-16 yana faɗa da haƙuri da gudu. Mai JF-17 yana neman gama magana da wuri, ko kuma ya guje wa kokawar kusa tun farko. Akwai ƙarin abu: matuƙin F-16 yana da kwalkwali mai nuna masa bayanai a gilashin idonsa, wanda ke ba shi damar juya kai ya kulle abokin gaba da kallo ya sakar masa makami mai linzami na faɗan kusa AIM-9X, alhali samfurin JF-17 na DCS, wanda aka gina kan Block 1, ba shi da wannan. A faɗan kusa wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

To amma shiga ɗakin matuƙi ka ga inda labari ke juyawa. JF-17 yana da manyan alluna uku masu launi a gabanka, kuma an tsara su yadda wanda ya saba da wayar hannu ba zai ɓata ba: taswira a nan, rada a can, makamai a ɗayan. F-16 yana da ƙananan alluna biyu a wajen gwiwoyi, da wani ɗan allon rubutu, da faifan maɓallai a ƙarƙashin gilashin gaba, kuma kusan duk aikin faɗa ana yin sa ne da maɓallan da ke jikin sandar tuƙi da hannun mai. Wanda yatsunsa suka haddace su yana aiki da saurin da ba a kamo shi, amma kafin a kai nan sai an sha makonni ana kuskure. Ko tayar da jirgin ma darasi ne: cikakken saitin na'urar sanin wuri a F-16 yana cin kimanin minti 8 kana zaune a ƙasa, idan kuma ka yi gaggawar motsawa kafin ya kammala, duk alamomin hanyarka za su karkace. JF-17 ma yana da tarkonsa. Bayan ma'aikatan ƙasa sun ɗora maka makamai, dole ka sabunta katin bayanai ka loda shi, in ba haka ba jirgin bai san abin da ke rataye a fukafukansa ba. Na taɓa tafiya ta kusan minti 20 zuwa wurin hari, na buɗe shafin makamai na tarar da shi fayau, bama-bamai kuwa suna nan a rataye. Dole na juyo da kayana kamar wanda ya je kasuwa ya manta kuɗi a gida.

Ga wani abu da ba kasafai ake faɗa wa mai saye ba. Sandar tuƙin F-16 ta gaskiya kusan ba ta motsi; ƙarfin matsin hannu take aunawa. Yawancinmu kuwa sanda mai sifirin muke da ita a kan tebur, wadda ke lanƙwasawa nesa. Don haka abin da hannunka ke ji a F-16 na kwamfuta ba shi ne abin da matuƙin gaskiya ke ji ba, sai fa idan ka sayi sanda ta musamman mai auna matsi, wadda kuɗinta ya ninka na jirgin kansa. JF-17 sandarsa a tsakiya take kuma tana motsi, saboda haka sandar gida mai araha ta fi kusa da gaskiyarsa. Haka nan wajen sauka: ƙafafun F-16 a matse suke, samfurin Amurka kuma ba shi da laimar birki, sai ka riƙe hanci sama bayan taɓa ƙasa iska ta rage maka gudu, alhali JF-17 yana da laimar da kake saki ka huta.

Wajen makamai kowannensu da inda ya fi. F-16 gwani ne a farautar na'urorin rada na ƙasa da makamin AGM-88 HARM tare da na'urar da ke gano inda suke, kuma wannan shi ne ainihin aikin Block 50 a rundunar Amurka. Yana da makami mai linzami AIM-120 na harbin jirage daga nesa, da Maverick na harin ƙasa, da bama-bamai masu bin tauraron ɗan'adam. JF-17 yana da SD-10 a madadin AIM-120, da LD-10 na farautar rada, da bama-baman LS-6 masu lulawa da fukafukai, da rokokin BRM-1 masu bin hasken leza, sannan da C-802 na kakkaɓo jiragen ruwa, aikin da F-16 na DCS ba shi da makaminsa. Bindigar F-16 mai baki shida ce ta milimita 20, ta JF-17 mai baki biyu ce ta milimita 23, kuma a ganina ta farkon ta fi sauƙin samu da ita.

Yanzu ga kashi na biyu na tambayarka, wanda ya fi muhimmanci. Amsar ita ce a'a, nasara a DCS ba hujja ba ce a kan jiragen gaskiya, kuma dalilin yana cikin yadda ake gina su. Kamfanin Eagle Dynamics, mai manhajar, shi ya fitar da F-16C a watan Oktoba na 2019. JF-17 kuwa wani kamfani ne daban, Deka Ironwork Simulations, ya fitar da shi a Disamba na shekarar. Ƙungiyoyi biyu ke nan, kowacce da takardun da ta iya samu da irin hasashen da ta yi a inda takardu suka ƙare. Maɓallai da tsarin tayar da inji da shafukan allo ana iya kwafe su daidai daga littattafan da aka saki. Amma nisan da rada ke gano jirgi mai wani girma, da yadda take jure na'urorin rikita sigina, da yadda kan makami mai linzami ke bambance jirgi da tarkacen yaudara, duk sirrin soja ne, kuma su ne ke yanke hukunci a yaƙin zamani. Taɓa irin waɗannan takardu ba wasa ba ne: a 2019 wata kotu a Amurka ta hukunta wani ɗan Rasha mai aikin shirya irin waɗannan manhajoji saboda sayen littattafan F-16 ba bisa ƙa'ida ba. Shi ya sa duk wanda ya daɗe a DCS ya ga lokutan da sabuntawa ɗaya ta sauya nisan SD-10 ko halin AIM-120, jirgin da ake tsoro jiya ya zama abin farauta yau, alhali babu ko ƙusa ɗaya da ta canza a jikin jiragen da ke Kamra ko Makurdi.

Ko a zahiri ma hukuncin ba ya da sauƙi. A arangamar 27 ga Fabrairu 2019 tsakanin Pakistan da Indiya, inda aka harbo MiG-21 na Indiya aka kama matuƙinsa, Indiya ta nuna ɓaraguzan AIM-120 a matsayin shaidar cewa an yi amfani da F-16, ɓangaren Pakistan kuma ya fi jingina aikin ga JF-17. Ƙasar da ke tuƙa jiragen biyu ke nan, a rana ɗaya, a sama ɗaya, amma har yanzu ana jayayya. Sannan sunan jirgi kaɗai ba ya isa: JF-17 Block 3 yana da sabuwar rada da makaman da Block 1 bai san da su ba, kamar yadda F-16 Block 70 ya yi wa Block 50 nisa. Abin da kake kwatantawa a kwamfuta hoto ne na samfuri biyu a wani zamani da ya wuce. Kuma kwamfuta ba ta matse maka jini daga kai a juyi. Allo ne kawai ke duhu, kana zaune da shayinka.

Idan shawarata kake so, ga ta. Matuƙar sandarka ta talaka ce, lokacinka kaɗan ne, kuma kana son ka fara kai hari cikin mako guda, ɗauki JF-17. Zai koya maka rada da harbin nesa da harin ƙasa ba tare da ya wahalar da yatsunka ba, ga kuma daɗin tuƙa jirgin da ka san yana shawagi a sararin ƙasarka. Idan kuwa faɗan sama ne ya ja ka, kuma kana da niyyar shiga ƙungiyoyin da ke tashi tare a intanet, F-16 ya fi, domin masu koyar da shi sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ilimin da ka samu zai bi ka zuwa Falcon BMS, wata manhajar tuƙin F-16, gyararren Falcon 4.0 na 1998, wanda yaƙinsa na yankin Koriya ke gudana da kansa ko ka tashi ko ba ka tashi ba, kuma bai kai DCS cin ƙarfin kwamfuta ba. Ni kaina F-16 na fi tashi da shi yanzu, amma da JF-17 na fara fahimtar abin da rada ke gaya mini.

Kafin ka biya ko sisi, ka sauke DCS World ɗin kansa, wanda kyauta ne tare da taswirar Kaukasus da jirgin Su-25T, ka ga ko kwamfutarka za ta ɗauka. Ka tanadi wuri da data, domin da 'yan ƙarin taswirori yana haura gigabait 100 ba wuya, kuma ya fi kyau ka sauke shi inda wuta ba za ta yanke maka a tsakiya ba. Nau'in da ake saukewa kai tsaye daga kamfanin yana ba da gwajin jirage na kwana 14 kyauta. Ka gwada F-16 a nan, ka ware kwana uku na farko ga tayar da inji da tashi da sauka kawai, kada ka rataya makami ko ɗaya sai ka iya ajiye shi a kan titi sau biyar a jere ba tare da ka goge wutsiya ba.