Gargaɗi ga masu neman batirin sola a Jos

Jama'a, a yi hattara. Akwai wasu da ke tallan batiran sola a Facebook da WhatsApp, su ce kaya ne sabo fil, a rabin kuɗin shago, kuma har gida za su kawo maka, ko kana Rikkos ko Bukur. Tsofaffin batira ne da suka gama aiki. A wanke su, a fesa fenti, a manna takarda mai 200Ah, wato awon yawan wutar da batir ke riƙewa.

Da mitar gwada ƙarfin wuta suke cin mutane. Mai kayan zai ɗora ta a kan batir, ta nuna 12.7, lambar cikakken batir, ya ce Alhaji ga shi ka gani da idonka. Lambar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta faɗin yawan wutar da batir zai riƙe. A cikinsa faranta ne na darma a jiƙe cikin ruwan batir. Idan ana jan wuta, wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantan, caji ne ke narkar da shi. Batirin da ya tsufa, ko aka jingine shi wata da watanni babu caji, gishirin nan ya riga ya daskare, ɗan wurin da ke aiki ya rage kaɗan. Kamar tulun da laka ta cinye cikinsa ne, ruwa har baki, amma moɗa biyu ya ƙare. Shi ya sa yake saurin cika, ka kunna fanka da talabijin bayan magariba, kafin isha'i inbata ta fara kuka.

Ƙananan batiran tocila da fankar caji ma haka. Masu lamba 18650 na gaske ba sa wuce wajen 3500mAh a yawan wutar da suke riƙewa, amma za ka ga an zabga 9900 a jiki, abin ko kunya babu.

Kada ka tura ko sisi kafin kaya su iso. A haɗa batirin da inbata a gabanka, a kunna kaya masu jan wuta, mita tana kai na rabin awa; idan lamba ta yi ta zubewa, ya ɗauki abinsa. Duba jikin batirin ko ya kumbura, duba kawunansa ko da sawun tsohuwar waya. Batirin darma mai 200Ah yakan haura kilo 50, wanda yaro ya ɗaga shi kaɗai ba shi ba ne. Wanda kuwa ya ce sauri yake yi, ko ba shi da rasit mai adireshin shago, ka sallame shi tun daga ƙofar gida.