Wane man giya za ka saya wa Hilux ɗinka idan da kanka za ka juye?

Yawancinmu baƙin man inji kaɗai muka sani. A mota mai fowil kuwa, akwai wurare huɗu a ƙarƙashi da kowanne ke da nasa man: giyabos, ogzilari mai raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, aksul ɗin gaba, da aksul ɗin baya. Juye su a gida ba wani aikin wahala ba ne. Inda ake faɗuwa shi ne wurin saye, kuma ni na faɗi, shi ya sa nake wannan rubutu.

Tawa tsohuwar Hilux ce mai giyar hannu, da ita nake shiga gona, kuma duk damina sai ta tsallaka rafi. Da wannan ma'aunin nake magana.

Abin da nake zuba wa aksul biyun shi ne 80W-90 mai lambar GL-5, na gama-gari mai sauƙin kuɗi, a rufaffiyar roba daga gidan man babban kamfani. Haƙoran da ke cikin aksul ba juyawa kawai suke yi ba, gogar juna suke yi da nauyi, don haka suna buƙatar man da aka ƙara wa sinadarin farar wuta mai hana ƙarfe cin ƙarfe. Ma'anar GL-5 ke nan. Littafin tsofaffin Toyota ma lamba 90 ya ce a zuba muddin sanyi bai kai digiri 18 ƙasa da sifili ba, sanyin da ko a Jos ba a san shi ba. Amma babban dalilina shi ne ruwa. Aksul yana da ɗan hanci a samansa da yake numfashi ta nan. Idan ya yi zafi ka tsunduma shi a rafi, iskar cikinsa ta huce, sai ya zuƙo ruwa ta hancin ko ta gefen sil. Mai ya koma kamar koko, kuma daga nan mai tsada da mai araha duk ɗaya ne, zubarwa za ka yi. To me zai sa in zuba wanda zan ji ciwon zubarwa? Lita biyar tana isata aksul biyun har da ragowa, ina juyewa duk ƙarshen damina hankali kwance.

Shi 75W-90 na sintetik mai ne mai kyau, ya fi jure zafi, ya fi daɗewa. Wanda motarsa ba ta barin kwalta daga Kano zuwa Abuja, ya saya. Shi kuma 85W-140 na mai lodin buhuna ne a zafin Afrilu, ba na kowa ba. Masu sababbin Hilux da Prado su duba littafinsu, da yawansu 75W-85 aka rubuta, kuma ogzilarinsu na da nasa siririn mai daban. Idan aksul ɗinka na baya mai LSD ne, wato mai hana ƙafa ɗaya ta yi ta juyawa ita kaɗai a santsi, nemi robar da aka rubuta LS a jiki, in ba haka ba zai riƙa ƙara a kwana.

Giyabos dai GL-4 nake ba shi, 75W-90. A cikinsa akwai zobban tagulla da ke sa giya ta shiga sumul, kuma yawan farar wutar GL-5 ba ya yi musu daɗi. Wasu littattafan sun yarda da duka biyun, ni dai ban ga amfanin gwaji ba. Ragowar robar nake ƙarasawa a ogzilari, wanda ke shan lita ɗaya da ɗan wani abu. Mai atomatik ya tsaya kan irin man da aka rubuta masa, Dexron ne, T-IV ne ko WS. Wanda ake cewa yana yi wa kowace mota, bar shi a kanta. Mai WS da ba shi da sandar awo ma gara ya je gareji, don sai mai ya kai wani zafi na musamman ake auna shi.

Sai man awo, wanda ake ɗibowa daga duro a zuba maka a robar ruwa. Shi ya ƙona ni. Wani mai shago ya ɗiga shi tsakanin yatsunsa, ya ja yana yauƙi, ya ce, "Alhaji, wannan ai wan foti ne, ka ga kauri." Lamba 140 yake nufi. Na saya don rabin kuɗi ne. Ban yi wata uku ba aksul ɗin baya ya fara kuka kamar ana busa ƙaho da zarar na haura sittin. Da muka kwance, mai baƙi wuluk, ƙaurin ƙuna kawai yake yi, boris ya tafi, haƙora sun yi ƙyalli. Kwandem ne aka tace aka ƙara masa abin kauri. Kuɗin gyaran sun isa in sayi mai na shekara goma. Araha ba ta ado.

Kauri ba shaida ba ne. Lambar man giya da ta man inji ba sikeli ɗaya ba ne: man giya 90 kaurinsa bai wuce na man inji 40 ko 50 ba, don haka yatsa ba zai bambance maka su ba. Hanci ya fi yatsa. GL-5 na gaskiya yana da wani ɗoyi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ba ya fita daga riga. In ka ji ƙauri ko ƙamshin gas, ajiye. Ɗiga shi a farar takarda: sabo garau yake kamar zuma, mai algus yana barin baƙin zobe.

Rufaffiyar roba ma ba ta gama magana ba. Masu jabu tsofaffin robobi suke saye su cika. Duba zoben murfi ko an liƙa shi da gam, duba farin sil na ciki ko ya kwanta daidai, duba lambar da aka buga a jikin roba ko tana gogewa da yatsa. Ɗauki biyu ka haɗa su a hasken rana, idan cikarsu ba ɗaya ba ce akwai magana. Farashin da ya faɗi ƙasa da na gidan mai sosai shi ma magana ce. Ka karɓi rasit. Kuma idan ka gama, huda robarka da wuƙa kafin ka yar, kada gobe a sayar wa ɗan'uwanka da ita.

Cikin kuɗin sayayya ka saka ɗan famfon hannu mai tiyo, don babu wurin karkata roba a ƙarƙashin mota, da sababbin wosha na notuna, da soket mai lamba 24 mai kusurwa shida. Sifana mai buɗaɗɗen baki cinye kan notin take yi. Ka ɗan zaga da motar mai ya yi ɗumi, ka tsaya a wuri mai daidai. Notin sama na zubawa shi za ka fara kwancewa, kada ka tsiyaye mai sannan ka tarar ya ƙi motsi. A notin ƙasa akwai maganaɗisu: laushin gari kamar toka ba komai, ɓarɓashin ƙarfe kuwa a kira bakanike. Ka yi ta turawa har mai ya fara dawowa ta ramin sama, sannan ka ɗaure. Tsohon man ka tara shi a jarka, kada ya shiga kwata.