Sayen mako a gidan hutu ko kama otel: lissafi kafin sa hannu

Wani yayana da ke saida atamfa a Kasuwar Dole ya je hutu Agadir ta ƙasar Maroko da iyalinsa. A bakin teku wata yarinya ta miƙa masu ɗan kati, suka kankare, ta ce sun ci kyauta, sai dai su zo su saurari bayani na minti 90. Awa huɗu suka yi a ɗakin. Ana ta zuba masu shayi, ana nuna masu hotunan ɗakuna, mai bayanin yana cewa: "Elhaji, mutum irinka bai kamata ya riƙa biyan haya ba." Da ya ƙi, aka kira wani babba da sabon farashi, wai na yau kaɗai. Hajiya ce ta ja hannun rigarsa ta ce la'asar na wucewa, da haka suka kuɓuta.

Abin da suke tallatawa shi ne Faransawa ke kira multipropriété. Ba gida kake saye ba, izinin kwana ne na mako ɗaya ko biyu kowace shekara. Bayan kuɗin farko akwai kuɗin gyara da kula da gini, wanda za ka biya duk shekara ko ka je ko ba ka je ba, kuma yawanci ƙaruwa yake. Nan ne ya fi damuna game da mu mutanen Damagaram. Tafiyarmu sai an bi ta Yamai ko Kano, sai kasuwa ta yi kyau, wata ƙasar sai an samu biza. Makonka kuma na iya faɗawa cikin azumi, tunda watan yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Za su ce ana musanya mako ta kamfanoni irin RCI. Gaskiya ne, amma shi ma da kuɗin rajista, kuma sai in akwai gurbi. Ranar da ka so sayarwa, da wuya ka samu mai saye ko da ka karya farashi ƙwarai.

Ka juya kuɗin zuwa sefa tun a gabansu. Idan sun ce Yuro 10,000, miliyan shida da rabi ke nan da 'yan kai. Tambayi kanka dare nawa wannan zai biya maka a otel.

Otel ba shi da igiya: ka biya kwanakinka, ka kama hanya. Mai iyali da yawa kuwa, hayar gida mai ɗakin girki na mako guda ta fi sauƙi, Hajiya ta dafa abin da yara suka saba. Ni wannan nake zaɓa. In jari kake nema, fili mai cikakkun takardu a nan gida ya fi, don kana ganinsa, 'ya'yanka su gaje shi ba da bashin shekara-shekara ba.

In har ka shiga ɗakin masu wannan talla, kada ka ba da katin banki ko fasfo. Ka ce a ba ka yarjejeniyar ka je ka karanta a masauki. A ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta ba mai saye kwana 14 ya janye, ta kuma hana karɓar kuɗin kafin alƙalami cikin kwanakin. Dokar ba ta bin ka zuwa Maroko ko Dubai, can sai ka sa a nuna maka wa'adin janyewa a rubuce. Suka hana ka fita da takardar, ɗauki hularka ka tashi.