Canza makin kwamfuta da hannu, ko ƙara mata ƙarfi na gaske?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a kan tsohuwar kwamfutarsa mai Windows 7. Makin da Windows take bai wa ƙarfin kwamfutar 3.4 ne, kuma ta fara tafiyar hawainiya. Abokinsa ya ce zai mayar masa da makin 7.9 cikin minti biyar, ba tare da an sayi komai ba. Wani kuma ya ba shi shawarar ya canza faifan ajiya, ya ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita. Yana son ya san bambancin hanyoyin biyu, tun da kowacce makin take ɗagawa.

Malam, abokinka bai yi maka ƙarya ba, zai iya. Amma kafin ka miƙa masa kwamfutar, bari ka ji daga ina lambar nan take fitowa, don a nan amsar take.

Kamfanin Microsoft ya shigo da wannan maki ne tare da Windows Vista, wadda ta isa hannun jama'a a watan Janairun 2007, da sunan Windows Experience Index. A Vista makin yana tashi daga 1.0 ya tsaya a 5.9. Windows 7 ta fito a 2009 aka ɗaga ƙololuwar zuwa 7.9, sannan Windows 8 ta kai shi 9.9 a 2012. Wata 'yar manhaja mai suna WinSAT ce take yin awon. Abu biyar take gwadawa: furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi), da RAM, da hoton allo na aikin yau da kullum, da hoton wasanni, da faifan da Windows take zaune a kai. Kowanne a ba shi makinsa. Babbar lambar da kake gani a gaba ba matsakaicin biyar ɗin ba ce, mafi ƙanƙanta a cikinsu ake ɗauka. Wato 3.4 ɗin nan taka sunan raggon gidan take kira maka. Mai yiwuwa furosesarka tana da 6.0, ɓangare ɗaya ne kawai ya ja sauran ƙasa.

Idan WinSAT ta gama awo, sai ta rubuta sakamakon a fayil, ta ajiye a C:\Windows\Performance\WinSAT\DataStore. Fayil ne na rubutu zalla, irin XML, da kwanan wata a farkon sunansa da Formal.Assessment a tsakiya. Duk ranar da ka buɗe shafin maki, Windows ba ta sake auna komai. Fayil ɗin nan take karantowa, ta nuna maka abin da ta tarar.

To, aikin abokinka ke nan. Zai buɗe fayil ɗin a Notepad ko WordPad da izinin mai kula da kwamfuta, ya nemo wurin da aka rubuta WinSPR, ya ga layuka a jere: SystemScore, MemoryScore, CpuScore, GraphicsScore, GamingScore, DiskScore, kowanne da lambarsa. Ya goge 3.4, ya rubuta 7.9, ya adana. Shi ke nan. Ko sukurun kwamfutar bai taɓa ba.

Na taɓa yin haka da hannuna a wata tsohuwar kwamfutata, don in gani da idona. Na mayar da layukan duka 7.9, na buɗe shafin, ga lambar ta fito ɓaro-ɓaro a cikin akwatinta mai shuɗi. Na kashe na sake kunnawa. Fitilar faifan ta kama ta ƙi mutuwa kamar yadda ta saba, ina jin ƙarar allurarsa tana ƙas-ƙas a ƙarƙashin tafin hannuna, kibiyar linzami ta zama da'ira tana ta juyi. Jiran da nake yi jiya shi na yi yau, ko daƙiƙa ɗaya bai ragu ba. Kitso na yi a kan ƙwarƙwata.

Hanya ta biyu ta ɗaya gefen take farawa. Ba ruwanka da fayil ɗin. Ka duba makin nan biyar, ka ga wanne ne a ƙasa, ka tambayi kanka ko shi ne yake damun aikinka. Wannan tambayar tana da muhimmanci, don sau da yawa a kwamfutar tafi-da-gidanka makin hoto ne yake zama na ƙarshe, na'urar hoton kuwa a yawancinsu a manne take da uwar allon cikin kwamfutar, ba ta ciruwa. Idan rubutu da lissafi da intanet ne aikinka, ƙarancin makin hoton wasanni ba ya rage ka da komai. Za ka iya gyara kwamfutar ta koma kamar walƙiya, babbar lambar kuma tana nan a 3.4 ko gezau, saboda raggon da take nunawa ba shi ne mai riƙe maka aiki ba. Ka ga ke nan hanyoyin biyu sun yi hannun riga tun daga nan: a ta farko lamba ta tashi kwamfuta tana zaune, a ta biyu kwamfuta tana iya tashi ta bar lamba a zaune.

Inda gyara ya fi nuna kansa shi ne faifai. Faifan gargajiya faranti ne mai juyawa, sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da allura mai yawo a kansa tana neman bayani. Idan babban fayil guda yake karantawa a jere, yana kai wajen megabayit 100 a daƙiƙa. Amma tashin Windows ba karatu a jere ba ne, dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse, kowanne sai allurar ta yi tattaki ta same shi. SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, ba shi da abin da ke motsi a cikinsa. Mai amfani da mahaɗar SATA ta zamani yana kai wajen megabayit 500 a daƙiƙa, kuma a wajen ƙananan fayilolin nan ratar da ke tsakaninsu ta fi haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa a Windows 7 faifan gargajiya, komai kyansa, kusan kullum a 5.9 yake cijewa, sai SSD ne yake haurawa. Haka RAM: Windows 7 mai bit 64 idan RAM ɗinta bai kai gigabayit 4 ba, makinsa ba ya wuce 5.9 duk saurinsa. Idan ka sa SSD ka ƙara RAM, sannan ka sake awo, lambobin da za su fito shaida ce ta abin da hannunka ya riga ya ji.

Sai maganar daɗewa. Makin da aka rubuta da hannu yana nan ne muddin ba a sake awo ba. Ranar da wani ya danna maɓallin sake gwaji, ko ya rubuta winsat formal a baƙin allon umarni, WinSAT za ta rubuta sabon fayil mai sabon kwanan wata, shi kuma Windows za ta riƙa karantawa. Ko ba a sake awon ba, fayil ɗin da kansa yana tona asiri. A ƙasan makin akwai wani sashe mai suna Metrics, inda ainihin abin da aka auna yake: megabayit nawa RAM ya wuce da su a daƙiƙa, nawa faifai ya karanta. Masu canza maki galibi lambobin sama suke taɓawa, su bar waɗannan. Sai ka ga faifai mai maki 7.9 da gudun faifan gargajiya a rubuce a ƙarƙashinsa, zaren ba kalar yadin ba. Makin da aka samu ta hanyar gyara kuwa, a auna sau goma, a nan kusa zai riƙa faɗowa.

Akwai hasarar da hanya ta farko take jawowa wadda mutane ba sa lissafawa. Amfanin makin nan gaba ɗaya shi ne ya nuna maka inda ciwo yake. A Vista da Windows 7 har wasanni sukan zo da makin da suke buƙata a rubuce, don mutum ya kwatanta da nasa kafin ya wahalar da kansa. Da zarar ka mayar da layuka biyar 7.9, ka toshe bakin mai gaya maka gaskiya. Gobe idan za ka sayi kayan gyara, ba ka san da wanne za ka fara ba.

Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne ciniki. Idan mutum ya canza makin kwamfutarsa don ya koyi yadda abin yake aiki, kayansa ne, babu wanda ya cuta, kuma na san akwai ilimi a ciki. Abin da zan ce masa kawai ya kwafi fayil ɗin ya ajiye a gefe kafin ya taɓa shi. Amma wanda ya canza don ya nuna wa mai saye, wannan ha'inci ne, ba shi da wani suna. Wanda ake yi wa kuwa yawanci shi ne mai sayen kwamfutarsa ta farko, wanda bai san furosesa ba bai san RAM ba, lamba ɗaya ya gani babba ya amince da ita. An ƙirƙiro makin ne domin irinsa, sai ga shi da shi ake rufe masa ido.

Don haka idan kai ne mai saye, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka sa a jona caja, domin WinSAT ba ta yarda ta yi cikakken awo a kan batir. Ka buɗe allon umarni da izinin mai kula, ka rubuta winsat formal, ka tsaya a wurin. 'Yan mintuna ne, za ka ji fanka ta ɗaga murya, allon yana iya ƙiftawa. Lambar da ta fito a gabanka ita ce ta kwamfutar. Daga nan ka kashe ta, ka kunna, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka karanta sunan furosesa da yawan RAM, saboda sunan furosesar da Windows take nunawa shi ma ana iya canza shi na ɗan lokaci daga cikin rajistarta, wato ma'ajiyar saitunan Windows.

Ga masu sababbin Windows, tun daga Windows 8.1 a 2013 aka cire shafin makin, amma WinSAT tana nan har a Windows 10 da 11. Bayan awo, a rubuta Get-CimInstance Win32_WinSAT a PowerShell, wani allon umarni na Windows, makin zai fito. Sai dai a lura, a waɗannan makin hoton wasanni 9.9 yake nunawa ga kowa, domin an daina yin wannan gwajin, lambar a dashe take. Kada wani ya nuna maka ita ya ce injin wasa yake sayar maka.

Kai kuma ɗan'uwa, ka bar fayil ɗinka yadda yake. Ka buɗe shafin, ka rubuto mini makin nan biyar ɗaya bayan ɗaya, da yawan RAM ɗinka, da irin aikin da kake yi da kwamfutar. Idan na ga faifai a 5.9 ko ƙasa da haka, da SSD zan ce ka fara, ko da 3.4 ɗin ta hoto ce kuma ba za ta motsa ba. Sannan ka tuna Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun watan Janairun 2020, don haka ranar da za ka sa sabon faifan, ka duba ko injin zai ɗauki tsarin da har yanzu ake kula da shi.